Jan Ƙyalle a Tiyon Iska

Talata, 4 ga Safar, bayan La'asar

Da sunan Allah. A bayan littafin kiran sunan ɗalibaina nake wanga rubutu, tunda na sallami matan sai yadda hali ya yi.

An dawo da motar maigidana yau. Wata tirela ta jawo ta da sarƙa daga hanyar Shinkafi, kusa da Jangeru, anka aje ta a filin ƙofar gida inda ta saba kwana shekara goma sha ɗaya. Ita kaɗai anka dawo da ita.

Ina shara na ji nauyinta a ƙasa, na tsaya da tsintsiya a hannu. Maigidana in ya iso kwanar masallaci yakan taka birki sau biyu, iskar motar ta yi huci sau biyu, ni kuma in ɗora ruwan wanka. Ba wanda ya san wannan sai mu biyu. Yau ba ta yi huci ba. Motar da ake ja ba ta da iska.

Na rufe masa tuwo.

Laraba, 5 ga Safar, hantsi

Tuwon jiya na ɗumama na aika wa Tasalla maƙwabciyata. Ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya saka mata.

Alhamis, 6 ga Safar, bayan Azahar

Mutanen dajin da sunka ɗauke shi sun kira, da wayarsa. Abbati ƙanensa ne ya ɗauka a zaure, ni ina bayan ƙyaure. Ban ji abin da anka ce ba, sai dai na ji Abbati yana ta "to, to, in sha Allahu" da wata irin murya da ban san shi da ita ba. Abbatin da ba ya shigowa gidan nan sai ya tsokane ni ya ce ni matarsa na tsufa zai sake ni, yau da ya shigo a bakin rijiya ya tsuguna, ya kira ni Yaya.

Ya ce kayan abinci suke so. Za a kai wani wuri gaba da Zurmi, ranar Alhamis ta sama da mai zuwa, ashirin ga wata. Kuma da motarsa za a kai, don ita sunka sani. In sun hangi wata mota ba za su fito ba. Abin da sunka ce zai faru in ranar ta wuce, Abbati ya faɗa mini, amma ba zan rubuta ba.

Ya ce, "Su sunka sassare ta, Yaya, su kuma ke son ta da ƙafarta."

Kayan ba su ne damuwa ba, direbobin tasha sun ce wannan nasu ne. Motar ce. Kwana goma sha huɗu.

Juma'a, 7 ga Safar, bayan La'asar

Malam Nagoggo bakanike ya zo bayan an sauko masallaci. Dattijo ne, shi ya je Jangeru ya kwance birkin har anka samu jawo ta. Sun kifa kan motar gaba, injin ya fito fili. Ta tagar ɗakin zaure nake kallo.

Ya ce injin lafiya lau. Tiyo ne anka bi da adda ɗaya bayan ɗaya: manyan na lagireto biyu, ƙananan na ruwa da ke sanyaya kwamfuresa, da na iska. Ya yi wa Abbati bayanin da na riga na sani, cewa kwamfuresa ita ke tara iska a tanki, babbar mota kuwa in ba iska birki ya kame ta, ko taku ɗaya ba ta yi. Ya ce aikin kwana biyu ne in an samu kaya, sai dai motar ta ba shi mamaki, don bai taɓa ganin an bi da tiyo ta inda anka bi da waɗannan ba.

Sai Abbati ya shigo shan ruwa, ya rage murya ya ce akwai abin da bai so ya gaya mini ba. Ranar da anka kawo motar ya leƙa ƙarƙashi ya tarar da tsummokara a ƙulle jikin tiyo, kowanne da launinsa, ƙulli a baki ƙulli a gindi. Ya ce nan take ya gane aiki anka yi wa Yaya Haladu. Ya yanke su duka da reza, ya ƙone a bayan gida, ya karanta Falaƙi da Nasi a kan tokar.

Ya ce, "Kuma zanen mata ne. Duk wadda ta ƙulla wanga abu, Allah ya isa tsakaninmu da ita."

Na karɓi moɗar daga hannunsa. Na mayar da ita bakin randa.

Asabar, 8 ga Safar, bayan Asuba

Zannuwana ne.

Bari in rubuta, ko takarda ta sani. Motar nan tsohuwa ce, kayan motoci uku ne a cikinta, shi da kansa ya harhaɗa su. Shekarun baya wani bakanike a Banga ya juya masa tiyo biyu, ya kwana biyu a hanya da albasar mutane tana ruɓewa. Da ya dawo ya ce in ba shi tsofaffin zannuwa. Ba ya karatun boko, ya ce launi shi ne rubutunsa. Tun daga ranar, duk Juma'ar da yake gida, bayan La'asar yakan shiga ƙarƙashin mota, ni ina zaune a bakin zaure daga ciki ina yaga ƙyalle ina miƙa masa ta ƙasan labule. Yana ɗaurawa yana faɗa da ƙarfi, wannan daga ina zuwa ina, ni ina maimaitawa don in tsokane shi, da karin da muke biya allo. Har ya ce na fi shi hadda.

Ni da nake koya wa mata surar neman tsari daga masu tofi a ƙulli, yau ni ce mai ƙulli a bakin ƙanen mijina. Na so in ce ni ce. Harshena ya ƙi. Na ce wa raina Malam Nagoggo ya shekara arba'in yana wanga aiki, mi mace za ta ƙara masa daga bayan labule.

Na rufe masa tuwo jiya ma.

Lahadi, 9 ga Safar, Magariba

Ruwa tun safe. An rufe injin da tamfol. Ba a kira ba.

Litinin, 10 ga Safar, hantsi

Anisa ɗiyata ta kira daga Shinkafi, tana kuka tana cewa za ta taho. Na hana ta. Hanyar nan ita ce hanyar. Na ce ta zauna ɗakinta ta yi ta Hasbunallahu. Ta ce Inna muryarki ta yi ƙasa. Na ce dama haka take.

Gidan ya yi girma. Ban san yana da faɗi haka ba. Carbinsa na nan rataye a ƙusa, na ɗauke don in goge ƙura, na mayar, na sake ɗaukewa.

Talata, 11 ga Safar, bayan La'asar

Tiyo sun iso daga Gusau, sai da motar kayan ta jira rakiya. Malam Nagoggo ya yini yana yanka yana gwadawa yana ɗaure kilif. Na aika musu fura.

Ta taga na ga ya tsaya a kan wani ɗan bakin ƙarfe a bayan kwamfuresa, yana jujjuya kai. Ya bi da hannu, bai ga inda tiyon wurin zai je ba. Daga baya ya samo ƙusa mai kauri ya toshe bakin, ya ce wa Abbati wannan na tsohon injin ne, ba ya aiki.

Shuɗi mai ɗigon fari ke wurin. Na san shi. Na buɗe baki, sai na ga maza biyar a tsaye a filin, na saki labulen.

Na ce wataƙila shi ya fi ni sani. Har yanzu ina faɗa wa raina haka, kuma raina bai karɓa ba.

Laraba, 12 ga Safar, bayan Azahar

Saura takwas.

Alhamis, 13 ga Safar, bayan La'asar

An tada ta da hantsi. Da na ji ƙarar injin sai da na dafa bango. Mutanen unguwa sunka taru. Malam Nagoggo yana cikin mota yana kallon allurar iska, yana faɗa wa Abbati tana hawa, tana hawa. Sun bar ta tana aiki kamar tsawon karatun izu guda. Sai wani wari ya taso irin na roba a wuta, sannan ƙara kamar an harba bindiga. Mata sunka watse da gudu, Tasalla ta faɗi a bakin kwata. A garin nan yanzu ba a tsayawa tambayar ƙarar mi ce.

Tiyon da ke fitowa daga kan kwamfuresa ne ya fashe. Malam Nagoggo ya taɓa kan kwamfuresar ya janye hannu, ya ce ta yi zafin da bai kamata ba, kuma bai san dalili ba. Ya zauna a kan taya ya cire hula. Ban taɓa ganin kansa ba sai yau, duk furfura.

Ni na san dalili. Ruwa ya shiga bai samu hanyar fita ba.

Astagfirullah. Astagfirullah.

Juma'a, 14 ga Safar, bayan La'asar

Sun kira ana shirin tafiya masallaci. Abbati ya roƙe su, sunka ba maigidana wayar, Abbati ya ƙara mata murya. Na ji shi. Daga bayan ƙyaure na ji shi, muryar ta shaƙe kamar ta mai mura, amma shi ne. Bai yi sallama mai tsawo ba. Ya tambaya ko an gyara ta, Abbati ya ce ana kai. Sai ya ce, "Ku bi ƙyallayen. Kowane launi da wurinsa." Anka karɓe wayar.

Sannan Abbati ya turo ƙyaure ya shigo, ya zauna a ƙasa, a cikin jiƙaƙƙen yashi, da kayan Juma'arsa.

Ya ce, "Yaya, na ƙone su. Da hannuna na ƙone hanyar da zai dawo."

Na ce, "Ni na yaga su, Abbati. Zannuwana ne. Kwana bakwai ina kallo kuna wahala na yi shiru, don kar ka ce ni ce mai ƙulli. Naka kuskure ne, nawa kuwa da sani na yi."

Ya ce to Allah ya isan da ya ja fa. Na ce ya janye abinsa, ni ban riƙe ba. Ya tambaya ko ina tuna wani abu daga ciki, ko kaɗan. Na ce ya tahi masallaci kar ya rasa huɗuba, in an sauko ya taho da Malam Nagoggo.

Na buɗe akwati. Shuɗin yana nan, mai ɗigon farin ma, koren, da ruwan ɗorawa. Jan ne babu, mun ƙarar da shi bara. Ja guda ɗaya gare ni, atamfar da ya sawo mini ta Babbar Sallah, na ɗinka ban ɗaura ba sai sau ɗaya. Na sa haƙori a bakin zanen na yaga.

Asabar, 15 ga Safar, bayan Asuba

Jiya hannuna bai iya ƙarasa rubutun ba.

Na sa dogon hijabi na fita filin. Shekara goma sha ɗaya motar nan na ƙofar gidana, ban taɓa tsayawa kusa da ita haka ba. Tayarta ta kai mini ƙirji. Mazan da ke wurin sunka ja baya, wasu sunka juya fuska, Allah ya yi musu albarka. Ban iya magana da bakina na kullum ba, sai na rufe ido na biya da karin allo yadda muka saba.

Ja, daga kan kwamfuresa zuwa tulun tace iska, kamu uku, kuma ba roba zalla ba, mai saƙar waya, don iskar wurin wuta ce. Shuɗi, ruwa mai shiga, daga gefen injin. Shuɗi mai ɗigon fari, ruwa mai fita, ya zagaya bayan injin ta ƙarƙashin ƙarfen nan mai lanƙwasa, ya sauka ya haɗu da babban tiyon ƙasa. Kore, ɗan siririn da ke gaya wa kwamfuresa tanki ya cika ta huta. Ruwan ɗorawa biyu, manyan lagireto, na sama da na ƙasa.

Malam Nagoggo ya ce in maimaita na uku. Na maimaita. Ya kwanta ya shige ƙarƙashi, munka ji yana laluba, sai ga muryarsa daga can yana salati. Ya samu bakin da tiyon ke komawa, laka ta rufe shi. Ya fito da baƙin mai har gemu, ya zare ƙusar da ya toshe da ita ya jefar.

Ya ce, "Malama, a wane gareji kika yi koyo, mu je mu ma a ɗauke mu?"

Na ce a bayan labule. Mutane sunka yi dariya, ni ma na ji ta taso mini, sai ta juye ta zama wani abu, na koma ciki da sauri.

Kowane tiyo da ya ɗaura, Abbati ne ya karɓi ƙyallen ya ƙulla da hannunsa.

Saura mai saƙar waya. Babu shi a Kaura.

Lahadi, 16 ga Safar, hantsi

Mijin Anisa ya samu irinsa a jikin wata mota da ta mutu a tashar Shinkafi. Mai motar ya ce a kwance kawai, shi da maigidana sun sha ruwa a buta ɗaya a hanya. Kamu uku da ɗan taƙi, na sa an auna da hannun namiji.

Amma ba mota mai fitowa daga Shinkafi yau. An ce hanya ba kyau. Ba a faɗi abin da ya faru ba, ni ma ban tambaya ba.

Litinin, 17 ga Safar, Magariba

Hanyar ba ta buɗe ba. Saura uku. Da na yi magana ranar Juma'ar farko, da tiyon nan ya kwana bakwai a jikin mota. Na lissafa wannan sau da yawa yau, ko a cikin sallah, sai da na yi ƙabli da ba'adi.

Na rufe masa tuwo.

Talata, 18 ga Safar, bayan La'asar

Tiyon ya iso. Wata tsohuwa mai kai daddawa ce ta ɗauko shi a ƙasan kwandonta, a motar farko da ta bi rakiya. Anisa ta naɗe shi a zanen goyo kamar jariri. Yana warin daddawa. Na riƙe shi a cinya kafin Abbati ya zo, baƙi ne, wayar jikinsa ta ɗan yi tsatsa a gefe ɗaya. Malam Nagoggo ya busa, ya lanƙwasa, ya kanga a kunne, ya ce zai yi.

Jan ƙyallen ni na ce a bar mini. Na ƙulla a baki, na ƙulla a gindi, da bisimilla a bayyane don kowa ya ji.

Laraba, 19 ga Safar, bayan Azahar

An cika lagireto, an bar murfin a buɗe har kumfar iska ta gama fita, an ƙara ruwa. An tada ta. Wannan karon ba wanda ya matso, kowa na nesa da hannu kusa da kunne. Malam Nagoggo ya ɗora tafinsa a kan kwamfuresa ya bar shi a wurin, yana kallona ta taga yana gyaɗa kai. Allura ta hau ta wuce inda ta tsaya rannan. Sai motar ta yi atishawar nan da take yi in tanki ya cika. Ya bar ta tana aiki har anka kira Azahar, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa.

Direbobi sun yi lodi. Abbati ne zai tuƙa. Matarsa ta zo ta zauna wurina, mun tsince wake tare.

Alhamis, 20 ga Safar, bayan Asuba

Abbati ya leƙo kafin ya hau. Ya ce, "Tsohuwa, in na dawo da mijinki sai ki zaɓa, ni ko shi." Na ce ya dawo tukuna, a yi shari'ar a gabansa.

Na bi ƙararta da kunne har ta hau hanyar Zurmi.

Alhamis, Magariba

Wayar Abbati ba ta shiga.

Juma'a, 21 ga Safar, hantsi

Ba ta shiga. A filin akwai sawun tayu da tabon mai da guntayen tsohon tiyo. Na hana a share.

Juma'a, bayan La'asar

Lokacin yaga ƙyalle ne. Na zauna a bakin zaure daga ciki, ban san mi zan yi da hannuna ba.

Asabar, 22 ga Safar, bayan La'asar

Da hantsi ina wanke-wanke na ji ta daga nesa, tun wajen gada. Ban tashi ba. Na ce mota ce, mota na iya dawowa ita kaɗai, ta taɓa yi. Hannuna na cikin ruwan kwanuka na ji ta rage gudu a kwanar masallaci.

Ta yi huci. Ta sake yi.

Na ɗora ruwan wanka kafin in fita. Ban san dalili ba, ƙafata ce ta kai ni murhu.

Ba shi ke tuƙi ba. Ƙafafunsa ba za su iya taka komai ba yanzu, sai da mutum biyu sunka sauko da shi. Abbati ya ce tun daga Zurmi bai ce uffan ba, sai da sunka zo kwanar ya kama masa hannun riga ya ce taka biyu. Abbati ya tambaye ni ko mi ke nan. Na ce ya tambayi yayansa.

Ya rame ƙwarai. Akwai abubuwan da na gani da nake zuba masa ruwa, su ma ba zan rubuta ba. Kafin a shigo da shi ya sa an tsaya da shi a gefen motar, ya leƙa ta bayan taya ya daɗe. Da munka kaɗaita, maganar da ya fara yi mini ita ce, "Asiya, zanen Sallarki ne wancan."

Na ce ja ya ƙare.

Yana barci yanzu, da rana tsaka, fuska ga bango. In ƙyaure ya motsa sai ya zabura. Na zauna a bakin ƙofa don in riƙe shi kar iska ta kaɗa.

Tuwon ya ci rabi. Na wanke kwanon.